Idan Mutuwa Ta Shiga Wata Jami'a, Me Sauran Jami'o'i Ke Yi?

Da safiyar Litinin, 16 ga Afrilun 2007, wani ɗalibi mai shekara 23, Seung-Hui Cho, ya harbe mutum biyu a ɗakin kwanan ɗalibai na Jami'ar Virginia Tech da ke garin Blacksburg a Amurka. Bayan kusan awa biyu da rabi ya shiga ginin azuzuwa na Norris Hall, ya ɗaure ƙofofi da sarƙa daga ciki, ya riƙa bi aji-aji. Kafin ya kashe kansa ya hallaka mutum 32, ɗalibai 27 da malamai 5. Cikin malaman har da Liviu Librescu, dattijo ɗan shekara 76 wanda ya tsira daga kisan kiyashin da aka yi wa Yahudawa tun yana yaro a Romaniya. Shi ne ya tokare ƙofar ajinsa da jikinsa har yawancin ɗalibansa suka dira ta taga.

An yi rubuce-rubuce masu yawa a kan abin da ya faru a Blacksburg. Abin da ba a cika tsayawa a kansa ba shi ne halin da ɗaruruwan jami'o'i suka shiga a ranar, waɗanda ko ƙarar harsashi ba a ji a cikinsu ba amma kafin faɗuwar rana jikin kowa ya yi sanyi. Iyaye suka yi ta buga wa 'ya'yansu waya alhali sun san makarantarsu ba ta kusa da Virginia. Malamai suka shiga aji suna duban ƙofa, suna tunanin ko tana kulluwa ta ciki. Dalilin wannan girgiza a fili yake. Jami'o'i kusan kama ɗaya suke a ko'ina: matasa sa'o'in juna, ƙofa a buɗe ga mai shiga da mai fita, lacca da sassafe, ɗakin kwana da ake rabawa da baƙo. Waɗanda aka kashe a Norris Hall suna tsakiyar darasin Faransanci ne, da Jamusanci, da injiniyanci. Duk ɗalibin da labarin ya iske ya san irin kujerar da suke zaune a kai. Hatsarin mota a wani gari yakan sa mutum ya yi addu'a ya wuce, wannan kuwa sai ya ga kansa a ciki.

Abin da ya fara fitowa shi ne ta'aziyya. Jami'ar Virginia da ke Charlottesville ta fi shekara ɗari tana hamayya da Virginia Tech a filin wasa. A bakin harabarta akwai wata gada, Beta Bridge, wadda ɗalibai ke shafe wa fenti da saƙonni, kuma da wuya saƙo ya kwana biyu ba a shafe shi da wani ba. Bayan harin suka shafa mata launukan abokiyar hamayyar tasu, ja mai duhu da ruwan goro, da saƙon cewa suna tare da su. Saƙon ya yi makonni ba wanda ya taɓa shi. A Jami'ar Penn State, ranar 21 ga Afrilu, ɗalibai suka ajiye shuɗi da farin da aka san su da shi, suka shiga filin wasa da launukan Virginia Tech, suka jeru a kan kujeru har suka fitar da haruffan V da T. Aka kunna kyandir a harabobi daga wannan gaɓar teku zuwa waccan.

Akwai masu ganin duk wannan ado ne kawai. Ni ban yarda da su ba. Duk wanda aka taɓa yi wa rasuwa a cikinmu ya san cewa yakan manta abin da mutane suka faɗa a zaman makoki, amma ba ya manta wanda ya zo da wanda bai zo ba, musamman idan mai zuwan ba a shiri da shi. Sai dai a faɗi gaskiya, kaso mai yawa na irin wannan alhini masu yin sa yake yi wa magani. Ɗalibin da ya tsaya da kyandir a wata jiha tsoron kansa yake lallashi, kuma wannan haƙƙinsa ne. Matsalar tana farawa ne idan ta'aziyyar ta zama kaya. Virginia Tech ta samu dubun-dubatar wasiƙu da tutoci da barguna da 'yan tsana daga ciki da wajen Amurka, har sai da aka ware ma'aikata da wurin ajiya don tantance su, a daidai lokacin da jami'ar ke fama da jana'iza da majinyata da 'yan jarida. Kuɗin da aka tara ya haura dala miliyan 8, kuma rabon sa ma sai da aka nemo lauya Kenneth Feinberg, wanda ya kula da diyyar harin 11 ga Satumba, ya tsara shi.

Taimakon da ya fi kai wa ga waɗanda abin ya shafa ya bayyana ne bayan wata goma. Ranar 14 ga Fabrairun 2008 wani tsohon ɗalibi ya shiga ɗakin lacca na Cole Hall a Jami'ar Northern Illinois da ke DeKalb, ya kashe ɗalibai biyar. Mutanen Virginia Tech sun yi nasu zaman alhinin, amma sun kai abin da babu wanda yake da shi sai su, wato sanin abin da ke zuwa a gaba. Sun riga sun sha tambayoyin da shugabannin DeKalb ke shirin fuskanta. Yaushe za a koma aji? Su 'yan Virginia Tech bayan mako guda suka koma, tare da masu ba da shawara a azuzuwa. Yaya za a yi da jarrabawar ɗalibin da ba ya iya barci? Su sun bar wa ɗalibai zaɓi, ko su karɓi makin da suka tara kafin harin, ko su ƙarasa zangon. Wa zai riƙa magana da iyalan mamata don kada su ji labarin 'ya'yansu daga bakin 'yan jarida? Me za a yi da ginin? A Illinois gwamna ya so a rushe Cole Hall, daga baya aka saurari ɗalibai da ma'aikata aka gyara shi aka sake buɗewa. A Blacksburg wani ɓangare na Norris Hall ya koma cibiyar nazarin zaman lafiya da hana tashin hankali, wadda mijin malamar Faransancin da aka kashe, Farfesa Jerzy Nowak, ya fara jagoranta. Irin wannan sani ba a koyar da shi a kowace tsangaya, kuma jami'ar da ta saya da jinin 'ya'yanta ita kaɗai ke iya miƙa shi. A watan Nuwamban 2022, da aka harbe 'yan wasa uku na Jami'ar Virginia, ɗaliban Virginia Tech suka juya saƙon gadar nan suka mayar wa masu shi, aka kuma soke wasan da ƙungiyoyin biyu za su buga a ƙarshen watan.

Bayan alhini sai tsoro, kuma a nan ne ake yin gyara mafi amfani da kuma ɓarna mafi muni. Hausawa sun ce idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Kwamitin da Gwamna Tim Kaine ya kafa ya fitar da rahotonsa a watan Agustan 2007, ya nuna abu biyu da kowane shugaban jami'a ya karanta da faɗuwar gaba. Na farko, an yi harbin farko wajen ƙarfe bakwai da kwata, amma saƙon gargaɗi bai fita ba sai ƙarfe 9:26, domin an ɗauka rikicin masoya ne kuma mai laifin ya bar harabar. Na biyu, alamun rashin lafiyar Cho sun daɗe a fili. Malamansa na sashen Ingilishi sun nuna damuwa, 'yan sandan jami'a sun san shi, kotu ta taɓa umartar a duba lafiyar ƙwaƙwalwarsa a ƙarshen 2005, amma kowane ofis ya riƙe ɗan abin da ya sani saboda gurguwar fahimtar dokokin sirri. Daga nan jami'o'in Amurka suka girka hanyoyin aika gargaɗi ta wayar hannu da lasifika, aka gyara dokar tsaron jami'o'i mai suna Clery a 2008 ta wajabta sanar da ɗalibai nan take idan akwai haɗari, jihohin Virginia da Illinois suka wajabta wa jami'o'i kafa kwamitin da ke haɗa malamai da jami'an tsaro da likitoci don duba duk wata barazana tun tana ƙarama. Ba kowa ne ya ɗauki darasi iri ɗaya ba. Wasu ɗalibai sun kafa ƙungiyar neman a bar su su shiga aji da bindiga, kuma jihar Texas ta halatta hakan a jami'o'in gwamnati daga 2016.

Ɗaya fuskar tsoron a Kenya aka gan ta. Ranar 2 ga Afrilun 2015 mayaƙan al-Shabaab suka shiga Kwalejin Jami'ar Garissa da asuba, suka riƙa ware Kiristoci suna harbewa, suka kashe mutum 148, mafi yawansu ɗalibai. Kwana goma bayan haka, na'urar wutar lantarki ta fashe da asuba a harabar Kikuyu ta Jami'ar Nairobi, nesa ƙwarai da Garissa. Ɗalibai suka ɗauka an zo, suka riƙa dirowa daga benayen ɗakunan kwana. Ɗalibi ɗaya ya mutu, fiye da ɗari suka ji rauni, alhali babu ɗan bindiga ko ɗaya a wurin. A ƙarshen Nuwamban shekarar, Jami'ar Strathmore da ke Nairobi ta shirya atisayen tsaro da ƙarar harbi ba tare da ɗalibai da ma'aikata da yawa sun san atisaye ba ne. Wata ma'aikaciya ta rasu, mutane da dama suka karye. Niyyar mai kyau ce, amma an manta cewa mutanen da za a gwada ɗin suna ɗauke da Garissa a zuciyarsu. Shugaban jami'ar da labarin wata makaranta ya firgita yana so a gan shi yana yin wani abu, kuma wannan gaggawar tana iya kisa.

Tsoro kuma yakan nemi fuskar da zai ɗora wa laifi. Da aka bayyana cewa Cho haifaffen Koriya ta Kudu ne, ko da yake tun yana ɗan shekara takwas yake Amurka, ɗalibai 'yan Koriya a jami'o'i da yawa suka shiga ɗar-ɗar, har shugaban ƙasarsu Roh Moo-hyun ya aika da ta'aziyya. A Kenya zargi ya faɗa kan Somaliyawa da Musulmi, mataimakin shugaban ƙasa na lokacin, William Ruto, ya nemi a rufe sansanin 'yan gudun hijira na Dadaab cikin wata uku. Akwai kuma wasu da ba a cika ambata ba: ɗalibai masu ciwon damuwa, waɗanda ba su taɓa cutar da kowa ba, amma yanzu suna tsoron zuwa asibitin jami'a kada a sa sunansu cikin waɗanda ake sa wa ido. Jami'ar da ta kafa kwamitin tsaro ba ta ƙara likitoci da masu sauraron ɗalibai ba, ta kori mutanen da ya kamata ta jawo.

Idan kuwa hukuma ce ta yi kisan, alhini yakan rikiɗe ya zama fushi cikin kwana ɗaya. Ranar 4 ga Mayun 1970 dakarun jihar Ohio suka harbe ɗalibai huɗu a Jami'ar Kent State yayin zanga-zangar adawa da faɗaɗa yaƙin Biyetnam zuwa Kambodiya. Ɗaruruwan jami'o'i da kwalejoji suka tsaya cak, miliyoyin ɗalibai suka ƙaurace wa aji. Mu ma mun san wannan. A watan Afrilun 1978, lokacin boren da aka yi wa laƙabi da Ali Must Go kan ƙarin kuɗin abinci da masauki, 'yan sanda suka harbe Akintunde Ojo, ɗalibin Jami'ar Legas. Ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello suka fito a Zariya, sojoji suka buɗe wuta, aka kashe wasu daga cikinsu, gwamnatin soja ta haramta ƙungiyar ɗalibai ta ƙasa. Bayan shekara takwas, rikicin da ya samo asali daga tattakin tunawa da waɗancan mamata ya kai ga harbin 23 ga Mayun 1986 a harabar jami'ar da ke Samaru. A wannan karon ɗaliban kudu ne suka fito saboda Zariya, aka rufe jami'o'i da dama, aka kafa kwamitin Janar Abisoye. A Yamai ma har yau ɗalibai na tunawa da 'yan'uwansu uku da aka kashe a gadar Kennedy ranar 9 ga Fabrairun 1990. A wancan zamani ɗalibi a Ife ko Nsukka yana ɗaukar gawar ɗalibin Zariya a matsayin gawar gidansu.

Amma ko a lokacin da fushi ya fi zafi, ba kowace gawa ake yi wa kuka iri ɗaya ba. Kwana goma sha ɗaya bayan Kent State, 'yan sanda suka buɗe wuta a Kwalejin Jackson State ta baƙaƙen fata a Mississippi, suka kashe matasa biyu, suka raunata goma sha biyu. Ƙasar ba ta girgiza kamar yadda ta yi wa Ohio ba, kuma baƙaƙen Amurka ba su manta da wannan bambanci ba. A Najeriya, a farkon Oktoban 2012 'yan bindiga suka bi gidajen da ɗalibai ke haya a Mubi cikin dare, suka kashe fiye da mutum 20. Bayan 'yan kwanaki, mutanen Aluu suka kashe ɗalibai huɗu na Jami'ar Fatakwal bisa zargin sata, aka ɗauki bidiyon abin. Waɗannan huɗu an san sunayensu da fuskokinsu, an bi shari'arsu har aka yanke wa wasu hukunci, kuma sun cancanci duk wannan. Na Mubi kuwa adadi ne kawai ya rage a bakin mutane. 'Yan Kenya sun hango wannan haɗari bayan Garissa, shi ya sa suka shiga wallafa sunaye da hotunan ɗaliban ɗaya bayan ɗaya, da kwas ɗin da kowa ke karantawa. Wannan aiki ne da kowace ƙungiyar ɗalibai za ta iya yi wa wata makaranta ba tare da kashe kwabo ba, muddin iyalai sun amince.

Makarantun arewacin Najeriya sun sha abin da kaɗan daga cikin makarantun duniya suka sha. An kai wa Kiristoci masu ibada hari a tsohuwar harabar Jami'ar Bayero ranar Lahadi 29 ga Afrilun 2012, aka kashe har da farfesoshi biyu. An kashe ɗalibai fiye da 40 suna barci a Kwalejin Aikin Gona ta Gujba a watan Satumban 2013. An kai hari Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Kano a 2014. Bam ya tashi a masallacin Jami'ar Maiduguri da asubar 16 ga Janairun 2017, ya kashe Farfesa Aliyu Mani na fannin likitancin dabbobi. Daga nan sai zamanin satar mutane: ɗalibai 39 a kwalejin Afaka a Maris ɗin 2021, Jami'ar Greenfield a watan da ya biyo baya inda aka kashe ɗalibai biyar, sai jami'o'in Gusau da Dutsin-Ma a 2023. Abin da aka fi gani daga sauran makarantu shi ne takardar jaje daga ofishin shugaba, wani lokaci tawaga, addu'a a masallaci da coci, sai ƙarin bincike a bakin ƙofa. Iyayen ɗaliban Afaka da ƙafarsu suka je ƙofar Majalisar Tarayya a Abuja suna roƙo.

Ba na jin zuciyar ɗaliban yau ta fi ta iyayensu tauri. A 1978 da 1986 mai kisan yana da ofis da kaki, ana iya tattaki zuwa gare shi. Wanda ya zo a babur cikin dare ba shi da ƙofar da za a je a tsaya, kuma mai ɗaga murya a garin da abin ya faru yana jin tsoron a biyo shi. Ƙungiyoyin ɗalibai sun raunana bayan shekarun haramci da sayen baki. Hare-haren sun yi yawa har wani na shafe wani kafin a yi sadakar bakwai. Ga kuma rarrabuwar addini da ƙabila, wadda ke sa wasu su fara tambayar su wa aka kashe kafin su san ko za su yi baƙin ciki. Wannan na ƙarshe shi ya fi yi mini ciwo, domin jami'a ce wurin da ya kamata a ce wannan tambayar ba ta da gurbi.

Akwai taimako guda da ba ya buƙatar zanga-zanga kuma jami'a kaɗai ke iya bayarwa: gurbin karatu. Da guguwar Katrina ta nutsar da New Orleans a watan Agustan 2005, Jami'ar Tulane ta rufe na zango guda. Ɗaruruwan makarantu suka karɓi ɗalibanta a matsayin baƙi, da yawansu ba su riƙe kuɗin makaranta ba, aka bar wa Tulane don ta biya ma'aikatanta, kuma aka fahimci cewa ɗaliban za su koma idan ta buɗe. Ta buɗe a Janairun 2006, mafi yawansu suka koma. Sharaɗin komawar yana da muhimmanci, domin in ba shi ba taimako sai ya zama kwashe wa makarantar da ke jinya 'ya'yanta. A Kenya, Jami'ar Moi, wadda Kwalejin Garissa take ƙarƙashinta a lokacin, ta kwashe ɗaruruwan waɗanda suka tsira zuwa babbar harabarta a Eldoret, suka ci gaba da karatu kafin Garissa ta sake buɗewa a Janairun 2016. A Yola, Jami'ar Amurka ta Najeriya ta ɗauki wasu 'yan matan Chibok da suka kuɓuta, ta kuma shiga ciyar da 'yan gudun hijira lokacin da Mubi ta faɗa hannun Boko Haram a ƙarshen 2014, makarantun garin suka watse.

Karɓar ɗalibin wata makaranta ya fi rubuta takardar jaje wuya nesa ba kusa ba. Takardun sakamakonsa suna can a ofishin da aka rufe ko aka ƙone. Kwasa-kwasan da ya yi ba su dace da na masu masaukinsa ba. Ɗakunan kwana a cike suke tun kafin ya zo. Idan likitanci ko lauyanci yake karantawa, akwai adadin da hukumomin sana'ar suka ƙayyade wa kowace jami'a. Shi kansa ɗalibin yana iya zabura idan an buga ƙofa da ƙarfi, kuma yana buƙatar wanda zai saurare shi bayan wata shida, lokacin da kowa ya koma harkarsa. An ga waɗannan matsaloli a 2023, da yaƙi ya ɓarke a Sudan aka kwaso ɗaliban Najeriya daga Khartoum, da yawansu 'yan arewa masu karatun likitanci: hukumar JAMB ta buɗe musu hanyar neman gurbi a jami'o'in gida, amma an tsara abin ne bayan sun riga sun sauka daga jirgi.

Duk waɗannan abubuwa ne da ake iya daidaitawa tun lafiya na nan. Jami'o'in Maiduguri da Bayero da Mubi suna da mutanen da suka binne abokan aiki kuma suka sake buɗe aji. Abin da suka koya ya kamata a rubuta shi a raba wa shugabannin da ba su taɓa gani ba. Kwamitin shugabannin jami'o'in Najeriya da hukumar NUC suna iya amincewa a kan ajiye kwafin sakamakon ɗalibai a wajen harabar kowace makaranta, da adadin baƙin da kowace jami'a za ta ɗauka idan maƙwabciyarta ta rufe, da wanda zai biya kuɗinsu, da jerin likitocin ƙwaƙwalwa na asibitocin koyarwa da za a iya aro wa makarantar da abin ya faɗa wa cikin kwana biyu.